Hotunan Duniyoyi da Watanninsu: Yaya Ikkilisiya Za Ta Karɓe Su?



A ranar 14 ga Oktoba, 2024, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba wani kumbo mai suna Europa Clipper daga jihar Florida. Babu mutum a cikinsa, sai na'urori da kyamarori. Ana sa ran zai isa duniyar Jupiter a watan Afrilu na 2030, bayan tafiyar kusan kilomita biliyan 2.9. Ƙasashen Turai ma sun riga sun tura nasu kumbon mai suna Juice tun Afrilu 2023, shi kuma zai isa a 2031. Aikin da aka ba su shi ne su ɗauki hotunan manyan watannin da suke kewaya Jupiter, su kuma auna su. Sa'an nan a Satumba 2025 NASA ta sanar cewa wani dutse mai dabbare-dabbare da motar bincikenta Perseverance ta tarar a duniyar Mars yana ɗauke da alamun da mai yiwuwa ne ƙananan halittu suka bari tun zamanin dā. Masanan da kansu sun ce wannan bai zama tabbaci ba tukuna, amma kafin labarin ya iso wayoyinmu ya riga ya koma "an gano rai a Mars".

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan? Muna fama da rashin tsaro da tsadar taki da kuɗin makaranta. Gaskiya ne. Amma hotunan nan sun riga sun shigo gidajenmu. Suna cikin littattafan makarantar 'ya'yanmu, suna cikin wayoyin matasanmu, suna kuma yawo a zaurukan WhatsApp na Zumuntar Mata da na dattawa. Idan muka lura, iri biyu ne na amsa muke yawan ji a tsakaninmu. Wasu sukan ce duk ƙaryar Turawa ce, da kwamfuta aka haɗa. Wasu kuwa sukan tura hoto da rubutu a ƙarƙashinsa cewa masana sun hango ƙofar sama, ko sun ɗauki hoton hannun Allah, a ce duk wanda ya gaskata ya rubuta Amin. Muna so mu nuna cewa duka biyun suna ɓata shaidarmu. Matashin da ya kama mu da ƙarya ko da jahilci a kan abin da zai iya bincikawa da kansa, da wuya ya amince da mu a kan tashin Almasihu daga matattu, wanda bai gani da idonsa ba.

Abin da hotunan suka nuna

Kakanninmu sun san sararin sama da ido. Sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki, sun kuma kira tauraruwar nan mai haske da take fitowa kusa da jinjirin wata Zara matar wata. Zara ita ce duniyar da ake kira Venus. A Oktoba 1975 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Venera 9 ya sauka a kanta ya aiko da hoton farko na ƙasarta. Duwatsu ne zube a fili, ƙarƙashin gajimare mai kauri, zafin wurin kuma ya kai kusan digiri 465 a ma'aunin Celsius. Venera 13 da ya sauka a 1982 ya yi aiki na minti 127 kacal kafin zafi da nauyin iska su kashe shi.

Tun daga lokacin aka ci gaba da ganin abubuwan da ba wanda ya taɓa zato. Io, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, yana da duwatsu masu aman wuta kusan 400. Kumbon Juno ya ratsa ta kusa da shi, tazarar kilomita 1,500, a Disamba 2023, ya ɗauko hotunansa. Europa, wanda sabon kumbon ya nufa, ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, duk ta tsattsage kamar busasshen fadama a watan Maris. Awon da aka yi ya sa masana suna ganin akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ƙanƙarar, wanda ruwansa zai iya ninka na dukan tekunan duniyarmu sau biyu.

Kumbon Cassini ya yi shekara 13 yana kewaya duniyar Saturn, daga 2004 zuwa 2017. A 2005 ya ɗauki hoton Enceladus, wani ƙaramin wata da faɗinsa kusan kilomita 500 ne, wato bai kai tafiyar mota daga Jos zuwa Maiduguri ba, yana feso tururin ruwa da ƙanƙara zuwa sararin samaniya ta tsagogin da suke kudancinsa. A Janairun wannan shekarar kuma wata na'ura mai suna Huygens ta sauka a kan Titan, babban watan Saturn. A can sanyi ya kai digiri 179 ƙasa da sifiri, har iskar gas ta zama ruwa, tana kwarara cikin koguna tana taruwa cikin tafkuna. A Yuli 2015 kumbon New Horizons ya wuce ta gefen Pluto bayan tafiyar shekara tara da rabi, ya nuna tsaunukan ƙanƙara masu tsayin kusan mita 3,500. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Duk waɗannan suna nan tun kafin a haifi Ibrahim, ba idon ɗan'adam da ya gan su sai a zamaninmu. Mahaliccinsu ne kaɗai ya san da su.

Yadda ake samun hoton, da dalilin amincewa da shi

Kumbon da ya tafi irin wannan nisa ba ya komowa. Kyamararsa tana raba abin da ta gani zuwa ƙananan ɗigogi, ta ba kowane ɗigo lamba bisa ga yawan haskensa, sa'an nan a aiko da lambobin ta siginar rediyo. Manyan farantan kama sigina, waɗansu faɗinsu mita 70, suna karɓa a California ta Amurka, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Canberra a Ostareliya. A Yuli 1965, sa'ad da kumbon Mariner 4 ya aiko da hotunan Mars na farko daga kusa, ma'aikatan sun ƙosa su gani, sai suka buga lambobin a takarda suka bi su da alli mai launi da hannu har siffa ta fito. Daga Pluto kuwa, sigina takan yi kusan awa huɗu da rabi kafin ta iso, an kuma yi fiye da wata 15 ana sauke abin da New Horizons ya tattara.

To, shin ana taɓa hotunan? I, ana taɓawa, ya kamata kuma mu san iyakar taɓawar. Yawancin kyamarorin suna ɗaukar hoto sau da dama ta gilasai masu launi daban-daban, sai a haɗa su a nan ƙasa. Wani lokaci akan ƙara ƙarfin launi domin a ga gajimare ko tsagogi sosai. Wasu na'urori, kamar na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba ranar Kirsimeti ta 2021, suna kama hasken da idon mutum ba ya gani, don haka dole a zaɓa masa launi. Ga misali mai koyarwa. Shekaru da yawa littattafai suna nuna duniyar Neptune da shuɗi mai duhu, bisa ga hotunan da Voyager 2 ya ɗauka a 1989. A Janairu 2024 masana a Jami'ar Oxford suka nuna cewa ainihin launinta ya fi haka haske ƙwarai. Tun farko an bayyana cewa an ƙara launin, amma da hoton ya yi ta yawo bayanin ya ɓace. Mu lura, masanan ne da kansu suka gyara kuskuren a bainar jama'a.

Shari'ar Musa ta bukaci shaidu biyu ko uku kafin a tabbatar da magana, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a 19. A wannan batu shaidun sun fi haka yawa, kuma ba abokan juna ba ne. Tarayyar Sobiyet ce ta fara ɗaukar hoton bayan wata a 1959, a lokacin da take gaba da Amurka. Indiya ta kai kumbonta Mars a 2014. Sin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun kai nasu a 2021. Sin ta kwaso ƙasa daga bayan wata a 2024. Da Amurka ƙarya take yi, da kishiyoyinta sun daɗe da tona mata asiri. Ban da haka, duk wanda ya sami madubin hangen nesa mai kyau, ya dafa shi a kan katanga da dare, zai iya ganin manyan watanni huɗu na Jupiter jere kamar ɗigogin haske, gobe kuma ya tarar sun sauya wuri. Gani ya kori ji.

Ƙaryar da take sanye da rigar bangaskiya

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na biyu, gama yana zuwa da sunan Allah. Labarin cewa na'urar Hubble ta ɗauki hoton birnin sama ya fito ne a 1994 daga wata jaridar Amurka mai suna Weekly World News, wadda sana'arta ita ce ƙirƙirar labaran ban mamaki. Har yau ana tura shi. Akwai kuma labarin da ake ji a wa'azi cewa kwamfutocin NASA sun gano rana guda da ta ɓace, sai wani mai bi ya nuna musu Joshuwa sura 10. Wannan labari ya fi shekara 50 yana yawo, NASA ta ƙaryata shi, kuma babu wani lissafin kwamfuta da zai iya gano irin wannan abu. Gizagizan ƙura da iskar gas da ake wa laƙabi da idon Allah ko hannun Allah kuwa suna nan da gaske, amma laƙabin na mutane ne, don siffar ta yi musu kama da ido ko hannu.

Idonmu yana da saurin ganin fuska inda babu ita. A 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauki hoton wani tudu a Mars da ya yi kama da fuskar mutum, aka yi ta rubuta littattafai a kansa. Da aka sāke ɗaukar wurin da kyamara mafi kyau a 1998 da 2001, sai ga shi tudu ne kawai, inuwa ce ta yi masa ido da baki. A yau kuma, da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, yaro zai iya haɗa hoton mala'iku a kan gajimaren Jupiter cikin minti ɗaya.

Doka ta tara ta hana shaidar zur, ba ta kuwa ba da izini a yi ta don a taimaki Allah ba. Ayuba ya tsauta wa abokansa a sura 13 domin suna ƙoƙarin kāre Allah da maganar da ba gaskiya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ɗalibin jami'a ya bincika ya gane labarin da ya ji daga bagade ƙirƙira ne, zai fara tambayar kansa sauran me aka ƙirƙira.

Abin da tarihi da Maganar Allah suke koya mana

Wannan gargaɗi ba sabo ba ne. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya yi shi fiye da shekara 1,600 da suka wuce a cikin sharhinsa a kan littafin Farawa. Ya ce abin kunya ne marar bi ya ji Kirista yana shirme a kan sama da ƙasa da taurari yana cewa haka Littafi Mai Tsarki ya koyar, gama hakan yakan sa a raina Littafin a kan batun ceto. A Janairu 1610 Galileo ɗan Italiya ya ga watanni huɗun nan na Jupiter, abin da ya nuna ba kome ne yake kewaya duniyarmu ba. A 1633 hukumomin ikkilisiya a Roma suka hukunta shi saboda ya koyar cewa duniya ce take kewaya rana, ya ƙarasa rayuwarsa tsare a gida. Wasu shugabannin Furotesta ma sun yi wa wannan koyarwa ba'a. Sai a 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya amince a fili cewa an yi kuskure. Har wa yau marasa bi suna jifanmu da wannan labari. Littafi Mai Tsarki bai yi kuskure ba, masu fassara shi ne suka ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Maganar Allah ba ta hana mu duban sama ba. Zabura 19 tana koya mana cewa sararin sama yana ba da shaida a kan ɗaukakar Mahalicci. Bulus ya gina hujjarsa a Romawa sura 1 a kan cewa halitta tana nuna ikon Allah. Kolosiyawa sura 1 ta ce ta wurin Almasihu aka yi dukan abubuwa. Ashe ƙanƙarar Europa da wutar Io nasa ne. Abin da aka hana shi ne yi wa rana da wata da taurari sujada ko neman sanin gaibu a wurinsu, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 4 ta gargaɗi Isra'ila. A nan hotunan sun ma taimake mu. Romawan dā sun ba duniyoyin nan sunayen allolinsu. Kyamara ta je ta tarar da dutse da ƙanƙara da iska. Mai bi da yake karanta duban taurari a waya domin ya san yadda makonsa zai kasance, bari ya dubi hoton Mars ya tambayi kansa ko wannan jan hamada ce take riƙe da aurensa da kasuwarsa.

Sai dai mu san iyakar abin da hoto zai iya yi. A jajibirin Kirsimeti na 1968 'yan sama jannati uku na Apollo 8 sun kewaya wata, suka ɗauki hoton duniya tana fitowa daga bayansa, suka kuma karanta wa mutanen duniya ayoyi goma na farkon littafin Farawa. A wannan zamanin kuma gwamnatin Sobiyet tana buga hotunan farfaganda cewa nata 'yan sama jannatin sun hau sama ba su ga Allah ba. Sama ɗaya suka duba, zukata ne suka bambanta. Sulemanu ya riga ya faɗa a addu'ar keɓe Haikali cewa sammai ba za su iya ɗaukar Allah ba. Kumbo ba zai same shi a bayan Saturn ba, ba zai kuma tabbatar da cewa ba ya nan ba. Halitta tana nuna cewa akwai Mahalicci mai iko. Sanin sunansa da ƙaunarsa da gafararsa kuwa ta wurin bisharar Yesu ne.

Idan aka sami rai a wani wuri fa?

Matasanmu suna yin wannan tambaya, ya kamata mu shirya amsa. Zuwa yanzu ba a tabbatar da rai a ko'ina ba sai a duniyarmu. Europa Clipper ma ba a gina shi don ya gano rai ba, aikinsa ya auna ko yanayin wurin zai iya riƙe rai. Littafi Mai Tsarki bai ce akwai halittu a wata duniya ba, bai kuma ce babu ba. Saboda haka kada fasto ko malamin Makarantar Lahadi ya rantse a kan abin da Allah bai bayyana ba. Idan wata rana aka tarar da ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin ƙanƙarar Europa, Mahaliccinsu shi ne Mahaliccinmu, gicciye kuma yana nan daram.

Hoton da ya fi shafarmu

A ranar 14 ga Fabrairu, 1990, aka juya kyamarar Voyager 1 ta waiwayi gida daga nisan kusan kilomita biliyan 6. Duniyarmu ta fito ƙasa da ɗigo ɗaya a cikin hoton. A cikin wannan ɗigo ne Baitalami take, da Urushalima, da Kagoro da Garkida, da kabarin kowane kakanmu. Dauda bai taɓa ganin irin wannan hoto ba, amma a Zabura 8 ya dubi wata da taurari ya yi mamakin yadda Allah yake kula da mutum. Mu da muka ga girman halitta fiye da shi, mamakinmu ya kamata ya fi nasa, girman kanmu kuma ya ragu. Rikicin ƙabila da na kujerar shugabanci da suke raba ikkilisiyoyinmu, a kan wani ɗan yanki na wannan ɗigo ake yin su.

Cikin duk wuraren da aka ɗauki hotonsu, nan ne kaɗai ake samun ruwan sama da yake tsirar da dawa, da iskar da jariri zai shaƙa. Hotunan taurarin ɗan'adam, irin wanda Nijeriya ma ta fara mallaka a 2003, sun nuna yadda muke riƙon wannan amana. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, ko da yake yakan ƙaru ya ragu bisa ga damina. Dazuzzukan da muke sarewa don gawayi ana ganin gurbinsu daga sama. Farawa sura 2 ta ce an sa mutum a gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, ba mu da wata gonar a Mars da za mu koma.

Abin da ya kamata mu yi

Kafin mu tura hoto ko labari a zauren ikkilisiya, mu tambaya wane kumbo ne ya ɗauka, a wace shekara, wace hukuma ce kuma ta fitar da shi. Idan ba amsa, mu bar shi a wayarmu. Masu wa'azi su bincika kowane misali na kimiyya kafin su hau bagade da shi, wanda kuma ya taɓa faɗar wanda ba daidai ba, ya gyara a gaban jama'a, gama hakan zai ƙara masa daraja. A kusan kowace ikkilisiya akwai malamin kimiyya ko ɗalibin jami'a, mu ba su fili a taron matasa su nuna hotunan gaskiya su yi bayani. Zumuntar Matasa za ta iya aro madubin hangen nesa, a fita filin majami'a a daren da sama ta washe, a dubi Jupiter da watanninsa, a karanta Zabura 8, a yi addu'a. Yaron da ya zo da tambaya mai wuya kada a ce masa ya faɗi daga bangaskiya. A zauna da shi, abin da ba a sani ba a ce masa za a bincika tare. Yarinyar da take son karanta ilimin sararin samaniya kuma, mu sa mata albarka kamar yadda muke sa wa mai tafiya makarantar tauhidi.

Idan Ubangiji ya bar mu da rai zuwa 2030, sababbin hotunan Europa za su iso wayoyin 'ya'yanmu. Addu'armu ita ce su tarar da ikkilisiya da za ta dube su tare da su ba tare da tsoro ba, ta faɗi gaskiya a kansu, ta kuma nuna musu Wanda ya yi su. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.